ORSE, ƘARAMIN GARI MAI BABBAN SUNA: DARASI A KAN YADDA ILIMI YAKE RAYA GARI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya hore masa abin da ke cikin ƙasa domin ya nema ya amfana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wani gari ne na ƙasar Faransa, wanda ake rubuta sunansa Orsay, ana faɗinsa Orse. Mutanen Dogon Dutsi da yawa sun san wannan suna, domin an ƙulla ƙawance tsakaninsa da garin Dutsi, kuma wata ƙungiya ta mazauna can mai suna Échanges avec Dogondoutchi-Niger ta yi shekaru tana haɗa hannu da mutanenmu wajen ayyukan ruwa, da tsabtar gari, da noman rani, da kai littattafai makarantu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ya sa duniya ta san Orse. Nufinmu shi ne mu bayyana wannan dalili, sa'an nan mu auna shi da ma'aunin shari'a, mu ga abin da za mu ɗauka domin ƙasar Arewa.

INA NE ORSE?

Orse yana kudu maso yammacin birnin Paris, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, cikin wani kwari inda ƙaramin gulbi mai suna Ibet yake ratsawa. Mazaunansa kimanin 16,000 ne, watau bai kai garin Dutsi yawan jama'a ba. Ba shi da tashar jirgin ruwa, ba a haƙar wani ma'adini a ƙasarsa, kuma ba a taɓa yin fadar mulkin ƙasa a cikinsa ba. A da can garin manoma ne masu kai kayan lambu kasuwannin Paris, musamman tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso shi a shekarar 1854. Haka ya zauna har shekara ɗari bayan wannan, babu wanda yake ambatonsa a wajen yankinsa.

YADDA AL'AMARIN YA FARA

Bayan yaƙin duniya na biyu, malaman kimiyya na jami'ar Paris sun sami kansu cikin ƙunci. Ɗakunan bincikensu suna tsakiyar birni, ga kuma sababbin na'urori na binciken ƙwayar zarra waɗanda suke buƙatar fili mai faɗi da gini mai kauri. Wadda ta tsaya tsayin daka a kan a fita bayan gari wata mace ce, Irène Joliot-Curie, 'yar shahararriyar malamar nan Marie Curie. Ita da mijinta Frédéric Joliot sun karɓi kyautar Nobel ta ilimin haɗa sinadarai a 1935. A tsakiyar shekarun 1950 ta shawo kan hukuma aka sayi wani babban fili mai itatuwa a Orse, aka keɓe shi domin karatu da bincike.

Ita kanta ba ta ga ƙarshen ginin ba. Ta mutu a 1956 da sankarar jini, cutar da ake dangantawa da daɗewar da ta yi tana aiki da ma'adinai masu fitar da haske marar ganuwa mai cin jiki. Mijinta ya ci gaba da aikin, shi ma ya mutu a 1958, shekarar da babbar na'urar farko ta soma aiki. Aikin wannan na'ura shi ne ta kori ƙananan ɓarɓashin zarra su yi gudu mai tsanani cikin da'ira, sa'an nan a sake su su bugi wani abu, malamai su duba abin da ya fito, kamar yadda mutum zai fasa ƙwallon goruba domin ya san abin da ke cikinsa.

Daga nan sauran fannoni suka biyo baya. Masu lissafi suka zo, da masu ilimin sinadarai, da masu nazarin tsirrai da dabbobi da duwatsu. A 1965 reshen Orse ya zama tsangayar kimiyya mai cin gashin kanta, a 1971 ya zama cibiyar jami'ar da aka kira Paris-Sud, a 2020 kuma aka haɗa ta da wasu manyan makarantu na kewaye aka kira su jami'ar Paris-Saclay. A wannan shekara ta 2020, jadawalin da ake fitarwa daga birnin Shangai na ƙasar Sin, wanda yake jera jami'o'in duniya, ya sanya ta ta ɗaya a fannin lissafi.

ABIN DA BINCIKEN YA HAIFAR

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wannan duka ga talaka? Ga misalai.

A 1988 wani malami mai suna Albert Fert, tare da almajiransa a Orse, ya jera wasu ƙarafa biyu falle a kan falle, kowane falle ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Ya gano cewa idan aka kusanto da mayen ƙarfe, yadda wutar lantarki take ratsa waɗannan fallaye yana sauyawa ƙwarai. Wani Bajamushe mai suna Peter Grünberg ya gano haka shi ma a ƙasarsu, a lokaci guda. Ranar da aka gano abin bai shiga kasuwa ba tukuna. Amma a 1997 aka soma sa shi cikin faifan ajiya na kwamfuta, ya zama ana iya tara rubutun da zai cika ɗakuna cikin abin da bai fi tafin hannu ba. An ba su biyun kyautar Nobel a 2007.

Wani malamin, Alain Aspect, ya yi wasu gwaje-gwaje a kan ɗabi'ar haske a Orse a 1981 da 1982. Sai a 2022 aka ba shi tasa kyautar, bayan shekara arba'in. A fannin lissafi kuma, babbar lambar yabo ta duniya da ake kira Fields ta sauka a hannun malaman Orse a 1994, da 2002, da 2006, da 2010. Wanda ya karɓa a 2010, Ngô Bảo Châu, ɗan ƙasar Biyetnam ne, ya zo Faransa yana saurayi daga ƙasar da yaƙi ya daɗe yana ci, ya yi digirinsa na dakta a Orse.

Ita kuwa tsohuwar na'urar nan ta 1958, bayan an sabunta ta ta yi zamaninta, ba a yar da ita ba. A 1991 aka mayar da wurin asibiti, ana harba ɓarɓashin zarra a kan sankarar da ta fito a cikin ido ko kusa da ƙwaƙwalwa, inda wuƙar likita take tsoron shiga, a ƙone cutar a bar naman da ke kewaye da ita.

Wajibi ne kuma mu faɗi ɗaya gefen. Wannan ilimi na ƙwayar zarra shi ne aka ƙera bam da shi aka hallaka mutanen Hiroshima a 1945, kuma da shi Faransa ta yi gwajin bam ɗinta na farko a Raggan, cikin hamadar Aljeriya, a 1960. Shi kansa Joliot an tuɓe shi daga shugabancin hukumar makamashin zarra ta ƙasarsu a 1950, shekarar da ya jagoranci kiran a haramta wannan makami. Ilimi kamar wuta yake, ana dafa tuwo da ita, ana kuma ƙone rumbu da ita. Saboda haka muke cewa a haɗa wa yaro kimiyya da tsoron Allah tun yana ƙarami.

MATSAYIN WANNAN ILIMI A SHARI'A

Malamanmu sun kasa ilimi kashi biyu. Akwai farilla ta ainihi, wadda take kan kowane baligi namiji da mace, watau sanin Allah da sanin yadda za a bauta masa, da hukuncin sana'ar da mutum yake yi. Akwai kuma farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to laifi ya hau kan jama'a duka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya sanya likitanci da lissafi cikin wannan kashi na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, har ya yi kuka da garuruwan zamaninsa da suka cika da masu gardamar fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Duk abin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi, kamar sanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da cutar gero, da maganin dabbobi, hukuncinsa ke nan.

Game da koyo daga wanda ba Musulmi ba kuwa, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ishe mu. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. An umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa. An karɓi shawarar Salmanu Bafarishe ta haƙa ganuwa, dabarar da Larabawa ba su san ta ba. Bayansu aka yi Alkawarizmi a Bagadaza, wanda daga littafinsa aka sami sunan aljabara, da Ibnul Haisam wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda ya kafa binciken haske da gani a kan gwaji. Masu binciken haske na Orse a kan hanyar da ya share suke tafiya. A nan ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, bai ga wannan ya rage masa malanta ba.

IRINSA A ƘASASHENMU

Kada wani ya zaci ƙaramin gari mai raya ilimi sai a Turai. Ɗagel, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, ƙauye ne, amma almajirai sun nufe shi daga ko'ina. Garin Sayi da ke bakin Kwara, kudu da Yamai, ya yi suna ne saboda Alfa Mahamman Jobbo da ya zauna a can a farkon ƙarni na 19. Albarkar wannan suna ce ta sa aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a can a 1957, kuma da ƙasashen Musulmi suka yanke shawara a taron Lahor na 1974 cewa za su gina jami'ar Musulunci a Nijar, Sayi aka zaɓa, ta soma aiki a 1986. Kusa da nan, a Sadore, cibiyar ICRISAT take binciken gero tun shekarun 1980.

Samaru ta Zariya ita ce ta fi kama da Orse. Ƙauye ce a bayan gari, aka kafa gonar gwaji a cikinta a 1922, sa'an nan jami'ar Ahmadu Bello ta zauna a can a 1962. Yau irin wake da dawa da masara da auduga masu yawa da ake shukawa a arewacin Nijeriya daga can suka fito. A Maraɗi kuma, masu bincike na cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, suna cikin waɗanda suka gwada buhun nan mai ninki uku da yake kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba guba ba, kuma suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ake saki a gonaki domin ya kashe tsutsar da take cin kan gero. Duk manomin Arewa da ya taɓa buɗe buhun wakensa ya tarar da gari, ya san darajar wannan aiki.

Muna da namu gwarzon kuma, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Ya ci babbar jarrabawar malanta ta kimiyyar fizik a Faransa a 1956, ya komo gida ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana, yana ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana, tun mutane suna ganin abin wasa ne. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. Yau ga faifan hasken rana yana jawo ruwa a lambunanmu. Jiharmu ta Doso ma ta sami jami'arta a 2014.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya hana mu barci. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, ana kai shi ƙasashen da suka san yadda ake mayar da shi wutar lantarki, alhali yawancin ƙauyukanmu suna kwana cikin duhu. Dutsen namu ne, sanin sirrinsa yana hannun wasu. A 2023 dangantaka tsakanin gwamnatin Nijar da ta Faransa ta lalace, Faransa ta dakatar da taimakonta, sojojinta suka fita a ƙarshen shekarar, kuma a 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin Somaïr hannun ƙasa. Mallakar rami ba ta wadatarwa idan babu 'ya'yan ƙasa da suka san aikin. Muna gode wa duk wanda ya taimake mu da zuciya ɗaya, domin godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah, amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna cewa gobe za a gina irin na'urorin Orse a Matankari ko Tibiri ba. Abin da muke cewa shi ne, tushen da aka gina Orse a kansa yana cikin ikonmu.

Na farko, fili. Kafin a sami malami ko ɗaya a Orse, an fara keɓe ƙasa. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma idan ba a yi hattara ba za a wayi gari babu inda za a ƙara aji ko a yi gonar gwaji. Muna kira ga sarakuna da magadan gari da masu gonaki a bakin gari su fitar da wani abu su yi waƙafi da shi, a rubuta a sa shaidu, domin kada magada su tayar da magana daga baya. Wannan sadaka ce mai gudana.

Na biyu, masauki. Yaro ya ci jarrabawa a ƙauyensu, an turo shi kwaleji a Dutsi ko Tibiri ko Kore Mai Ruwa, sai ya rasa gidan da zai sauka, ko ya sami gidan da za a mayar da shi ɗan aike, ga yunwa. Kafin shekara ta ƙare ya koma gida ko ya tsallaka iyaka neman kuɗi. Yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da yawa a nan muke asararsu. Iyayenmu sun san ciyar da almajiri, kowane gida yana da ƙwaryar da ake ajiye masa. To ɗan lakwal da ya baro iyayensa domin karatu shi ma baƙon ilimi ne, hakkinsa yana kanmu. Kowane masallacin Juma'a yana iya ɗaukar nauyin yara biyu ko uku, a san inda suke kwana da abin da suke ci, a kuma tabbata suna zuwa karatun Alƙur'ani da dare.

Na uku, 'ya'ya mata. Mace ce ta kafa harsashin Orse. Mu kuma muna da Nana Asma'u, wadda ta shirya 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, kuma mahaifinta Shehu ya yi kakkausar magana a kan malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Magidanci yana ƙin namiji ya duba matarsa a asibiti, kuma shi ne yake cire 'yarsa daga makaranta tun ba ta kai jarrabawar BEPC ba. To daga ina likita mace za ta fito? A tsare mutuncin yarinya, a sama mata amintaccen masauki, a bar ta ta yi karatu.

Na huɗu, girmama malami da riƙe shi. Abin da ya tara almajirai a Ɗagel da Sayi da Orse duka ɗaya ne, malamai sun zauna sun daɗe. Malamin lissafi ko na kimiyya da aka turo mana, idan ya rasa gidan haya da mai gaishe shi, zai nemi a mayar da shi Yamai tun shekara ba ta zagayo ba. 'Ya'yanmu kuma da suka yi nisa a karatu, a Yamai suke ko a waje, muna roƙonsu su riƙa ba ƙannensu ko da mako biyu ne a lokacin hutu.

Na biyar, aunawa da rubutawa. Bincike yana farawa ne daga mutum ya lura, ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa. Malaman da suka iya lissafin gado da lissafin taurarin damina ba baƙi ba ne ga wannan. Me zai hana kowace makaranta ta ajiye littafi guda, a riƙa rubuta ranar da aka yi shuka, da yawan ruwan da ya sauka, da gaba nawa guga take shiga rijiya a watan bazara da na kaka, da irin da ya fi jure fari? Bayan shekara goma wannan littafi zai gaya wa gari abin da babu baƙon da zai gaya masa. Muna zaune a kan Dallol Mawuri, inda ruwa yake kusa a fadama, yake nisa a kan tudu, kuma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Dukan waɗannan suna buƙatar haƙuri. Wadda ta nemi filin Orse ba ta ga an gama ginin ba, wani kuma ya jira shekara arba'in kafin a yaba aikinsa. Wanda ya dasa gawo ko tsamiya ya san jikokinsa ne za su sha inuwa, kuma ladansa yana wurin Allah. Muna fatan limamai da shugabannin rassan ƙungiya za su karanta wannan darasi a majalisunsu, kowane reshe ya zaɓi abu guda daga cikin biyar ɗin nan ya fara da shi kafin komawar makarantu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga wanda ba ya amfani, ya shiryi zuriyarmu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.